Dala da Tamma: Tarihin Koyar da Lissafi da Kukan Iyaye a Garuruwan Uraniyom

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a Arlit ko Akokan a lokacin karatu ya san wannan labari. Uba ya dawo daga aiki, ɗansa ya kawo masa aikin gida na lissafi, ya nuna masa yadda ake yi, amsa ta fito daidai. Washegari yaro ya komo da jan biro a takardarsa, domin mushe ya ce ba wannan hanya ake bi yanzu ba. Daga nan sai a ji uban yana cewa « a zamaninmu ba haka ake yi ba », ya kuma janye hannunsa daga karatun yaron. Ma'aikatan ilimi sukan ɗauki wannan kuka a matsayin ƙin sauyi irin na manya. Wannan maƙala za ta bi tarihin koyar da lissafi a Nijar domin ta nuna cewa kukan yana da tushe. Tun daga zamanin Turawa har zuwa yau an sake hanyar koyarwa sau da dama, kusan kowane sauyi daga waje ya zo, kuma ba a cika zama da iyaye a yi musu bayani ba. A duk tsawon wannan lokaci abu guda ne bai sake ba, watau makarantar boko ba ta ɗauki lissafin da yaro ke zuwa da shi daga gida a bakin komai ba.

Mun zaɓi garuruwan uraniyom na jihar Agadas saboda dalilai biyu. Na farko, garuruwa ne sababbi, waɗanda mutanensu suka taru daga kowace kusurwa ta ƙasa, kowa da irin lissafin da aka koya masa. Na biyu, a can takardar shaidar karatu ita ce ke raba wanda zai shiga kamfani da wanda zai tsaya a bakin ƙofa, don haka iyaye ba sa wasa da ita.

2. Lissafin gida kafin zuwan boko

Kafin Turawa su zo, ƙasar Hausa da Abzin suna da lissafi iri biyu. Akwai na kasuwa, wanda ake yi da ka da kuma hannu. Kuɗin lokacin wuri ne, ana ƙirga shi biyar-biyar, a tara shi ashirin-ashirin, ɗari-ɗari, har zuwa keso, wanda yake wuri 20.000. Tsohuwar Hausa tana da kalmominta: hauya ita ce 20, gomiya uku 30, zambar kuwa 1.000. Daga baya ne kalmomin Larabci irin su ashirin, talatin da hamsin suka mamaye wurin. Har yanzu Bahaushe yakan ce ashirin ba ɗaya maimakon sha tara, watau yana yin ɗebewa a cikin sunan lambar kanta. Ayarin gishiri da ke zuwa Faci da Bilma shi ma makarantar lissafi ne, domin madugu sai ya san kantu nawa za a samu da tiyar hatsi nawa, da abin da kowane raƙumi zai ɗauka, da harawar da za ta ishe shi zuwa da dawowa.

Iri na biyu shi ne hisabi na malamai. Wanda ya yi nisa a karatun littattafai, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid, dole ya iya rabon gado, inda ake aiki da rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusi biyu da sudusi. Dole kuma ya san zakka: ɗaya cikin 40 a zinariya da azurfa, ushiri a amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, akuya ko tunkiya guda a raƙuma biyar. Wannan aiki ne na ɓangarorin lamba, wanda a makarantar boko sai yaro ya kai manyan azuzuwan firamare yake soma taɓa shi.

Da Faransawa suka kawar da wuri a farkon ƙarni na 20, sai mutane suka ɗora tsohon lissafinsu a kan sabon kuɗi. Sunan dala, wanda a da na azurfar Mariya Tereza ne, ya koma kan tamma 5. Kuɗin sefa ya zo a Disamba 1945, aka karya darajarsa a Janairu 1994, amma har gobe a kasuwar Arlit ba a cewa 100 F, sai dala ashirin, 500 F dala ɗari, 1.000 F kuwa jika. Za mu koma kan wannan batu, domin a nan ne babbar matsalar take.

3. Lissafin lakwal na zamanin Turawa

Makarantar mulkin mallaka ba ta kai ga mutane da yawa ba. A shekarar 1960, lokacin samun ƴancin kai, yaran da ke lakwal a Nijar ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, a arewa kuma abin ya fi haka ƙaranci. Amma waɗanda suka shiga sun fito da hanya guda tabbatacciya. Ana haddace jadawalin ninkawa da waƙa. Kowace safiya akwai lissafin ka bisa tsarin da ake kira La Martinière: mushe ya faɗi tambaya, ya buga tebur, yara su rubuta amsa a allo, ya sake bugawa, su ɗaga alluna gaba ɗaya. Ana koyon tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, da ma'aunin mita, lita da kilo, da ƙa'idar nan ta « règle de trois », da gwajin tara (« preuve par neuf ») wanda ake duba ninkawa da shi. Burin duka shi ne a ci sartifika a samu aikin akawu, malanta ko tafinta.

Wannan hanya tana da aibinta. Da Faransanci zalla ake yin ta, wanda ya yi Hausa ko Tamajak a aji kuma a rataya masa « symbole ». Yaro yakan iya aikin ba tare da ya san dalilinsa ba. Tun a 1964 Abdu Mumuni Jofo, masanin kimiyya ɗan Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya soki wannan tsari a littafinsa L'Éducation en Afrique, ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Sai dai tana da wani alheri guda wanda ba a cika ambata ba: ta daɗe ba ta sake ba. Wa yakan koya wa ƙane, kawu ya duba aikin ɗan ƴar'uwarsa, kowa yana jin yaren kowa. Wannan ne ma'aunin da iyaye suka riƙe suna auna duk abin da ya biyo baya.

4. Lissafin zamani da buɗe ma'adinai

An gano uraniyom a Azelik a 1957, aka gano na Imuraren a 1966. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka soma gina garin Arlit a 1969, haƙo ya kankama a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara fitar da ƙarfe daga ramin Akuta a 1978, garin Akokan kuma ya tashi a gefensa. Kamfanonin suna bukatar masu awon ƙasa, makanikai, masu aikin lantarki da na ɗakin gwaji, aka buɗe makarantar ma'adinai ta EMAÏR a Agadas domin horar da su. Ma'aikatan farko, waɗanda suka zo daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Doso da Yamai, duk ƴan tsohuwar hanya ne.

A daidai waɗannan shekaru ne lissafin makaranta ya juye a Turai. Bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957, ƙasashen Yamma suka tsorata cewa an bar su a baya. A taron Royaumont na 1959 masana suka nemi a yi watsi da tsohon tsari, a Faransa kuma aka naɗa kwamitin André Lichnerowicz a 1967. Sabon lissafi, « mathématiques modernes », ya shiga ajin farko na kolej a 1969, ya shiga firamare da tsarin Janairu 1970. Maimakon jadawali da rabawa, yaro ya koma zana da'ira yana zuba abubuwa a ciki, yana jan kibiya daga wannan rukuni zuwa wancan, yana ƙirga da tushe biyu ko biyar maimakon goma. Tun da kolej da lise na Nijar tsarin Faransa da littattafanta suke bi, kuma malaman lissafi da yawa Faransawa ne ƴan taimakon ƙasa da ƙasa, sabon lissafin ya iso nan ba tare da wani ya tambayi ko ya dace da mu ba. Kafin wannan ma an riga an gwada wata hanyar, ta makarantar talabijin, wadda ta fara a Yamai a 1964 ta kuma tsaya a ƙarshen shekarun 1970.

A nan ne aka fara samun ɓaraka tsakanin gida da makaranta. Ma'aikacin da ke lissafin nauyin dutse da man injin kowace rana, wanda kamfani ya amince da alƙaluminsa, ya buɗe littafin ɗansa ya kasa gane ko layi ɗaya. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A Faransa masanin lissafi René Thom ya soki tsarin tun farkon shekarun 1970, a Amurka Morris Kline ya fitar da littafi a kansa a 1973. A Nijeriya, inda sabon lissafin ya shigo ta hanyar shirin Entebbe, kukan iyaye da malamai ya yi yawa har kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya soke shi daga makarantun firamare a Janairu 1977. Faransa da kanta ta ja da baya sannu a hankali tsakanin 1977 da 1985. Watau abin da uba ɗan Arlit ya ji a jikinsa, manyan masana sun tabbatar da shi daga baya, bayan an riga an yaye ɗalibai da yawa a kansa.

5. Daga gwajin Damagaram zuwa yau

Hukumomin Nijar sun san da matsalar harshe. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa, a 1974 kuma aka kafa cibiyar INDRAP domin tsara manhaja da littattafai. Gwajin ya bazu zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci, aka samar da kalmomin lissafi a waɗannan harsuna. Amma makarantun sun kasance ƴan kaɗan, sun kuma shekara fiye da 30 ana kiransu na gwaji. Babban taron ilimi na Damagaram na 1982 ya nemi a gyara makaranta ta dace da rayuwar ƙasa, sababbin manhajoji suka fito a ƙarshen shekarun 1980, waɗanda aka gina a kan manufar kowane darasi. A kolej da lise kuwa, shekarun 1990 sun kawo manhajar bai ɗaya ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, da littattafan CIAM waɗanda Saliou Touré na Kodebuwa ya jagoranci rubutawa.

Sai dai waɗannan gyare-gyare sun zo a lokacin da aljihun gwamnati ya bushe. Farashin uraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, kamfanoni suka rage ma'aikata, unguwannin Bukoki na Arlit suka cika da masu jiran aiki. Shekarun 1990 na yajin aiki ne da shekarun karatu da suka lalace. Daga 1998 aka soma ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda suka zama malaman kwantiragi, da yawansu ba su ratsa makarantar horon malamai ba, ga shi kuma sun zo sun fi rinjaye a azuzuwa. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ba harsunan ƙasa matsayi a koyarwa. Shirin shekara goma na 2003 zuwa 2013 ya ninka yawan ɗalibai, aka shigo da koyarwa bisa ƙwarewa (APC), sannan daga 2015 aka fara gwada koyarwa bisa yanayin rayuwa (APS) da harsunan gida a wasu makarantu. Sakamakon haka, a gari ɗaya ana iya samun malami mai bin manhajar shekarun 1980, da mai bin sabuwa, da wanda ke koyarwa kawai yadda aka koya masa yana yaro.

Alƙaluman binciken PASEC sun nuna inda aka kwana. A 2014 fiye da yara 9 cikin 10 na ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai mizanin da ake bukata a lissafi ba. A 2019 an samu ci gaba, amma waɗanda suka kai mizanin ba su cika ɗaya cikin huɗu ba. A garuruwan uraniyom wannan ya zo daidai da rufewar ƙofofi. An aza harsashin ma'adinin Imuraren, kilomita 80 kudu da Arlit, a watan Mayu 2009, da burin fitar da ton 5.000 a shekara, iyaye da yawa suka sa rai ƴaƴansu za su samu aiki a can. An dakatar da aikin a 2014, COMINAK ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021, gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga kamfanin Orano a Yuni 2024, ta kuma mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yuni 2025. Idan gurabe suka yi kaɗan, gasa takan yi tsanani, kuma jarrabawar shiga kowace makarantar fasaha da lissafi take tace mutane. Uban da ya rasa aikinsa, ba shi da kuɗin biyan mai koyarwa a gida, abin da ya rage masa shi ne ya koya wa ɗansa da kansa, shi ne kuma ake ce masa hanyarsa ta tsufa.

6. Misalai biyu daga allo

Domin a ga inda saɓanin yake, bari mu ɗauki 52 a ɗebe 27. Ɗan tsohuwar hanyar Faransa zai ce: 7 daga 2 ba ya yiwuwa, 7 daga 12 saura 5, na riƙe 1, 2 da 1 sun zama 3, 3 daga 5 saura 2. Amsa 25. Wata hanyar, wadda ta fi yaɗuwa a Nijeriya kuma ta shiga littattafan Faransanci na baya-bayan nan, ita ce a fasa goma ɗaya: a soke 5 a rubuta 4, 2 ta zama 12, 12 a ɗebe 7 saura 5, 4 a ɗebe 2 saura 2. Amsa 25. Mai tebur a kasuwa kuwa hawa yake yi: daga 27 zuwa 30 uku, zuwa 50 ashirin, zuwa 52 biyu, jimla 25. Duka ukun daidai ne. Ta farko ta fi sauri, ta biyu ta fi sauƙin bayani da ƙulle-ƙullen tsinke goma-goma, ta uku ba ta bukatar alƙalami. Haɗarin yana ga yaron da ya ji ta farko a gida, ta biyu a aji, ya gauraya su: ya soke 5 ya rubuta 4, ya kuma ƙara 1 a ƙasa, ya samu 15. Mushe ya ɗora laifi a kan uba, uba ya ɗora a kan mushe, alhali minti goma na bayani sun isa su warware matsalar.

Misali na biyu ya fi wannan zurfi. A ce an ba yarinya tambaya: an sayi kaya na 175 F, an ba da 500 F, nawa ne canji? Yarinyar da ke yi wa uwarta talla ta san amsar kafin a gama karanta tambayar: dala ɗari a ɗebe dala talatin da biyar, saura dala sittin da biyar. Ta rubuta 65, aka ba ta sifiri, domin amsar littafi 325 ce. Amma 65 sau 5 shi ne 325. Yarinyar ta raba da biyar sau biyu, ta yi ɗebewa da ka, aikin da ya fi wanda aka nema wuya, mataki ɗaya kawai ya rage mata. Babu wanda ya gaya mata cewa dala da tamma ma'auni biyu ne na abu guda, kamar mita da santimita. Haka kuma sunayen lambobi. Bahaushe yana cewa tamanin, Ba'abzine yana cewa goma takwas a harshensa, Faransanci kuwa yana cewa « quatre-vingts », ashirin huɗu, sai yaro ya rubuta 420. Da an tuna masa da hauya huɗu ta kakanninsa, da ya ga cewa ba baƙon abu ba ne. Uwar da ba ta shiga lakwal ba ta fi kowa iya wannan lissafi, amma makaranta ta sa ta ɗauka cewa ba ta da abin da za ta koya wa ƴarta.

7. Kammalawa

Wannan tarihi bai nuna cewa tsohuwar hanya ta fi kowace kyau ba, domin ƴan kaɗan ta yi wa aiki, ta kuma bar da yawa a baya. Abin da ya nuna shi ne, kowane sauyi yana da farashin da masu tsara manhaja ba sa sakawa a lissafinsu, watau yanke igiyar da ke tsakanin wanda ya koya jiya da wanda ke koyo yau. A ƙasar da aji ɗaya ke ɗaukar yara masu yawa, littafi kuma bai wadata ba, taimakon gida dukiya ce da ba a iya zubarwa.

Akwai shaidar cewa ana iya ɗinke ɓarakar. Shirin « École pour tous », wanda aka fara a jihar Tawa a 2004 da taimakon Japan, ya dogara ne ga kwamitocin makaranta da iyaye ke zaɓa. Daga baya ya shigo da wani tsari mai sauƙi: a gwada yara a lissafi, a faɗi sakamakon a gaban taron gari, sannan a shirya darussan ƙari da littattafan atisaye, mutanen unguwa suna taimakawa. Darasin da ke ciki shi ne iyaye sukan ba da lokacinsu idan aka nuna musu abin da ake ciki. Kundin da aka zartar a Maris 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, kuma duk wani gyaran manhaja da zai biyo baya zai sake taɓa lissafi. Muna ba da shawara uku ga masu wannan aiki. A rubuta dala da jika a cikin littattafan firamare, a koyar da juya su zuwa tamma a matsayin darasi. A horar da malamai su gane hanyoyin ɗebewa da rabawa fiye da ɗaya, su karɓi kowace idan amsa da dalili sun yi daidai. Kafin a shigo da sabuwar hanya kuma, a tara iyaye a makaranta a yi musu misali a allo da Hausa da Tamajak, a bar su su yi tambaya.